Ruwa Ya Yi Gyara, Ruwa Ya Yi Ɓarna



Kowa ya san yadda muke jiran damana. In hadari ya yi jinkiri, malamai su fita da jama'a bayan gari sallar roƙon ruwa. In ruwa ya sauka, makaɗan noma su ɗauko ganga su bi gayya, suna yi wa manyan manoma kirari. Mata suna waƙa bakin turmi. Ƙarshen damana kuma Fulani Woɗaaɓe su taru su yi Gerewol. Dukan waƙoƙin nan roƙon ruwa ne, ko murnar samunsa. Dalili a fili yake: kakanninmu fari suka sani. Mu ma ba mu manta da na 1973 da na 1984 ba.

Amma ga wani abu da waƙoƙinmu ba su cika faɗi ba. Ruwa yana kisa.

Ruwan shekara a ƙasar Dakoro yakan tsaya tsakanin milimita 300 da 400. To, ranar 30 ga Agusta 2024, a birnin Maraɗi, babban birnin jiharmu, milimita 150 suka zuba cikin awa ɗaya da rabi. Wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na ruwanmu na shekara. Gidaje suka faɗi, mutane suka rasu. A damanar 2024, cikin ƙasar Nijar duka, fiye da mutum 300 suka rasa ransu, fiye da mutum miliyan 1 suka yi asara. Jihar Maraɗi ta fi kowace jiha yawan mamata. A Damagaram, tsohon masallacin ƙasa da ya haura shekara 150 ya rushe. Har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, don waɗanda suka rasa gida suna kwana cikin azuzuwa.

Makiyaya ma sun san nasu. A 2010, bayan rani mai tsanani, bisashe masu yawa sun mutu wajen Gadabeji, arewa da mu. Saniyar da yunwa ta ramar ba ta jure dukan ruwan farko da sanyinsa. In ta kwanta cikin taɓo, da wuya ta tashi.

Mi ya sa ruwa ke ɓarna haka? Yanzu yakan zo da yawa lokaci guda. Mun kuma sare itatuwa, ƙasa ta zama faƙo. Faƙo ba ya shan ruwa. Sai ruwan ya yi gudu, ya kwashe shuka, ya taru cikin kwari. Kwarin Tarka da Gulbin Kaba tsofaffin hanyoyin ruwa ne. Ruwa ba ya manta hanyarsa, ko ya yi shekara 30 bai bi ta ba.

Ga abin da ya kamata mu yi tun rani:

1. Kada a yi gini cikin kwari ko bakin tabki.
2. A yaɓe katanga da soro, a gyara indararo, a buɗe wa ruwa hanya ya fita daga gida.
3. A kafa rumbu bisa tudu, a ɗaga gindinsa da duwatsu.
4. A haƙa rabin wata cikin faƙo, a bar ƙananan itatuwa su tashi cikin gona. Wannan shi ne sassaben zamani.
5. A ajiye wa bisashe harawa da dusa don ƙarshen rani. Kada garke ya kwana cikin kwari in hadari ya haɗu.
6. In bango ya tsage, a fitar da yara da tsofaffi ko da tsakar dare ne.
7. Bayan ambaliya a tafasa ruwan sha, a kwana cikin gidan sauro. Mai amai da gudawa a kai shi likita nan take.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa. Ku kuma makaɗa, muna da roƙo gare ku. Ganga tana kai wa inda jarida ba ta kai. Kun daɗe kuna yabon wanda ya cika rumbu. Ku sa mana waƙa ta yabon wanda ya kafa rumbunsa bisa tudu.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu daga sharrinta. Amin.