Motar da ba ta wuce Ƙaraye

A watan Maris na 2024 hukumar kwastan ta ba masu motocin da ba a biya wa duti ba kwana 90 su je su biya, a wanke musu takardu. Wa'adin ya zo ya wuce, amma har yau a Zoza da ƙauyukan Rogo akwai motocin da iyakarsu gona, kasuwa da gidan biki. Mai irin wannan mota ba ya yarda ya miƙa da ita Kano, don ya san abin da ke jiransa a shinge. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin laifin tsarin ya fi na mai motar yawa.

Ita dokar a fili take. Baƙo daga Maraɗi yana iya shigowa da motarsa mai lambar Nijar bisa takardar izini ta ɗan lokaci, ya gama hidimarsa ya koma. Mazaunin ƙasa kuwa sai ya biya duti, ya yi rajista, ya ɗaura lambar Najeriya.

Tushen matsalar shi ne 1 ga Janairun 2017, ranar da gwamnatin Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin tudu. Kafin nan motar da aka sauke a Kwatano tana iya biyowa ta Maraɗi, a biya mata duti a kan iyaka, ta shigo da rana tsaka. Da aka ce sai ta tashar jirgin ruwa, an toshe ƙofa ne kawai, buƙata tana nan. Sai 'yan fito suka koma bin daji, wanda ke da niyyar biya kuma ya rasa teburin da zai biya a kusa da shi. Ana cikin haka aka saki naira a watan Yunin 2023, kuma da yake da dala ake lissafin duti, kuɗin ya yi tashin gwauron zabi. Manomin da ya sayar da masara da rake ya haɗa kuɗin tsohuwar Golf, in dillali ya nuna masa mai arha ya ce takardunta lafiya lau, ta yaya zai gane na jabu ne?

Shi ne kuma ke kwana a ciki. Wanda ya shigo da motar ya ci ribarsa, dillali ya karɓi la'adarsa, sai mai saye na ƙarshe a bar shi da fargaba. In zai sayar, a taya masa da wulaƙanci. In haihuwa ta zo wa iyalinsa da gardama cikin dare aka ce a wuce Kano, sai ya tsaya neman motar haya alhali tasa na ƙofar gida. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ko a watan Maris na 2017, da shugaban kwastan na lokacin, Hamid Ali, ya ce kowa ya je a tantance dutin motarsa, hujjar da ta sa Majalisar Dattawa ta taka masa birki ke nan: yaya za a kama mai saye a bar mai shigowa?

Masu kare dokar suna da abin faɗa. Motar da ba a san mai ita ba tana yi wa ɓarayi amfani, musamman a yankin da ke maƙwabtaka da Katsina da Kaduna, kuma gwamnati na buƙatar kuɗin shiga. Na yarda. Sai dai haramcin ne da kansa ya yawaita irin waɗannan motoci, ya kuma hana baitulmali kuɗin da da za a biya a Jibiya.

A buɗe biyan duti a Jibiya, Kwangwalam da Maigatari, a sassauta shi gwargwadon shekarun mota, a kuma bar ƙofar gyaran takardu a buɗe a Kano ba tare da wa'adi ba. Sanarwar kwana 90 kan ƙare kafin manomin Zoza ya kai amfanin gonarsa kasuwa.