Zaman baƙunta a Bankok: inda ake ci a bakin titi, ake ɓoye fushi

Yawancin Hausawa a jikin buhun shinkafa suka fara ganin sunan Tailan. Wasu kuma a dilar kaya suka san ta: riguna, takalma da jakunkunan mata da 'yan kasuwarmu ke sarowa daga Bankok. Ni ma fataucin ne ya kai ni, tun ina zuwa ina komawa har na kama ɗaki na zauna, ina yi wa abokan ciniki sayayya da lodin kaya.

Duk baƙon da ya zo daga wajenmu, wuri biyu yake fara sani. Na farko Pratunam, kasuwar sarin tufafi, inda tun da asuba masu turin kaya ke ratsa lungunan da ba su fi faɗin mutum biyu ba. Na biyu Nana, wato Soi 3 (lungu na 3) na titin Sukhumvit, unguwar da Larabawa da 'yan Afirka suka mayar tasu. A can akwai shawarma da gasasshen rago, ga masu canji, ga babban asibitin Bumrungrad kusa, wanda masu hali ke zuwa daga ƙasashen Larabawa. Akwai waɗanda na sani sun shekara da shekaru suna zuwa Bankok, ba su taɓa cin abinci a wajen Nana ba. Ba na ganin laifinsu, tsoron alade ne. Sai dai sun ga kasuwa, ba su ga mutanen ƙasar ba, domin mutumin Tailan a bakin abinci ake saninsa.

Mutanen birnin nan ba su cika girki a gida ba. Ɗakunan haya da yawa ko madafi ba su da shi. Da yamma za ka ga ma'aikaciyar banki ta sauko daga jirgin da ke bi ta saman titi, wanda aka buɗe a 1999, ta tsaya wurin mai kura, a ƙulla mata miya a leda da roba, shinkafa a wata ledar, ta haye bayan ɗan acaba mai rigar ruwan goro ta shige lungu. Wanda ba ya sauri sai ya ja kujerar roba ya zauna nan bakin titi. Da baht 50 ko 60, kuɗin ƙasar, ka ci faranti guda. Cokali a hannun dama, cokali mai yatsu a hagu, amma shi aikinsa tura abinci kawai, ba ya zuwa baki. Tsinken ci na taliya ne. A kan kowane tebur akwai 'yan kwalabe huɗu: garin barkono, ruwan tsami mai barkono, ruwan kifi mai gishiri, da sukari. I, sukari, a cikin romon taliya! Har yau hannuna bai yarda ya kai can ba.

Ga Musulmi, maganar alade ba wasa ba ce, don ba a yankan nama kaɗai yake ba. Yana cikin romon da aka dafa da ƙashinsa, yana cikin man suya a wasu wurare, yana cikin soyayyar fatar da ake barbaɗawa a kan taliya. Wata taliyar ma da jini ake kaɗa romonta. Kana iya cewa “mai kin mu”, ba na cin alade, mai abincin ta yi murmushi ta tsame maka naman, ta zuba maka romon daga tukunyar nan dai. Ba mugunta ba ce. A fahimtarta ta biya maka bukata. Kaza kuma wa ya yanka ta? Saboda haka abin da ke raba gardama shi ne ka nemi mai abinci Musulmi, kuma suna da yawa fiye da yadda baƙo ke zato. Musulmi sun kai kusan kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, mafi yawansu a kudu, wajen Pattani, Yala da Narathiwat, amma Bankok kanta tana da masallatai sama da ɗari. Ka duba koren allo mai jinjirin wata da tauraro, ko mace mai lulluɓi a bayan tukunya. Kayan kanti kuwa suna ɗauke da tambarin halal na majalisar addinin Musulunci ta ƙasar, an rubuta shi da Larabci. Jami'ar Chulalongkorn har cibiya gare ta ta binciken abincin halal.

Ranar Juma'a idan an sauko daga masallacin Darul Aman da ke Soi 7 na titin Phetchaburi, tafiyar ƙafa daga Pratunam, lungun yakan cika da ƙamshin khao mok kai: shinkafa ruwan ɗorawa da aka dafa da kurkur, cinyar kaza a binne a ciki, soyayyar albasa a sama, da wata koriyar miya mai zaƙi da tsami a gefe. Wani dattijo da nake ci wajensa, wanda kowa ke kira Bang kamar yadda ake kiran maza Musulmi a nan, yakan ƙara mini romon wutsiyar sa mai yaji, ya tsaya yana kallon yadda gumi ke keto mini. Bai taɓa tambayata me nake sayarwa ba. Tambayarsa kullum ita ce ko na ƙoshi.

Batun yaji, kada Bahaushe ya yi alfahari da wuri. Som tam, ɗanyar gwanda da ake kankarewa a daka a turmi da barkono, lemun tsami da ruwan kifi, abincin mutanen Isan ne na arewa maso gabas, waɗanda da yawansu ke tuƙin tasi da aikin lebura a birnin. Mai dakan kan tambaye ka barkono nawa. Ka ce biyu. Da shinkafa mai danƙo ake ci, wadda ake kawowa a ɗan kwandon gora, a gutsura da hannu a mulmula kamar lomar tuwo.

Abin da ya fi abinci wuyar sabo shi ne murya. Mu a ciniki mukan ɗaga harshe, mu rantse, mu yi kamar za mu tafi, kuma duk cikin raha ne. A Pratunam idan ka yi haka, mai shagon za ta yi murmushi, ta ce kayan sun ƙare, alhali ga su a jibge bayanta. An gama da kai ke nan. A wurinsu wanda ya fusata a bainar jama'a ya zubar da mutuncinsa, ya zubar da na wanda yake yi wa. Murmushin da ake tallata ƙasar da shi ba kullum yake nufin jin daɗi ba. Wani na kunya ne, wani na ban haƙuri, wani kuma “a'a” ce da ba za a furta ba. Ba a shafa kan mutum, ba a nuna abu da ƙafa, takalmi kuwa a bakin ƙofa yake tsayawa. Da gari ya waye malaman addinin Buda kan fito babu takalmi, da ƙwaryar bara, mata na zuba musu abinci ba tare da sun taɓa su ba.

Akwai inda raha ba ta shiga ko kaɗan. Sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, kuma baƙo bai tsira ba. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana saka taken ƙasa a tashoshi da wuraren shaƙatawa, kowa ya tsaya cak. Mai dogon zama dole ya sanar da hukumar shige da fice adireshinsa duk kwana 90. A takardunsu za ka ga shekara ta wuce tamu da 543, don lissafin Buda suke bi. Kuma in faɗi gaskiya, baƙar fata ya fi Bature shan tambayar fasfo a titi, wasu masu gidaje ma kan ce ɗaki ya cika da zarar sun gan ka. Ni kwafin takarduna ba ya barin aljihuna.

Yawon buɗe ido ne ke riƙe da aljihun mutane da dama. A 2019 baƙi kusan miliyan 40 suka shigo. Idan abokan ciniki suka matsa, nakan kai su babbar fadar sarki da aka fara ginawa a 1782, inda baƙo ke biyan baht 500, ɗan ƙasa ya shiga kyauta. A bakin hanya wani mai keke mai ƙafa uku zai tare ku ya ce yau fada a rufe take, ya kai ku wani wuri da araha. Ƙarya ce, shagon duwatsun ado ko na tela zai kai ku, a ba shi lada. Ni na fi son Ayutthaya, tsohon babban birnin da sojojin Bama suka ƙone a 1767, inda wani attajiri Bafarishe, Shehu Ahmad, ya taɓa zama babba a fada.

Wanda ba shi da lokacin wannan tafiyar, ya sauka gadar Pratunam ya shiga jirgin ruwan da ke bin magudanar Saen Saep zuwa gabas. Ruwan baƙi ne, yana wari, sai an ja tamfol kada ya fantsamo, kwandasta kuma na bi yana karɓar kuɗi. Amma a gaɓar nan aka zaunar da Musulmin da aka kwaso daga kudu tun ƙarni na 19, jikokinsu na nan, masallatai na bin juna, kuma a can ba sai ka tambayi me ke cikin tukunya ba.