Ko Kun Sani? Iska Ma Nauyi Ce a Kan Ginshiƙi

Ginshiƙin dogon bene yana ɗauke da nauyi iri biyu masu danna shi ƙasa, wato nauyin dindindin na kankare da ƙarfen ginin, da kuma nauyi mai sauyawa na mutane da kayansu. Sai dai iska ta fi wuyar lissafi, domin daga gefe take tura ginin, tana ƙara wa ginshiƙan wani ɓangare nauyi tana rage wa na ɗaya ɓangaren. Wannan ne ya sa aka rataya dunƙulen ƙarfe mai nauyin tan 660 kusa da ƙololuwar benen Taipei 101 da ke Taiwan, mai tsayin mita 508, domin lilonsa ya riƙa rage tangaɗin ginin lokacin guguwa.