Tsuntsayen ƙasashen ƙanƙara da albarkar kwarurrukan Gure

Garin Gure, wanda ke kimanin kilomita 170 gabas da Damagaram a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa, ya yi nisa da gaɓar teku mafi kusa da fiye da kilomita 1,000, kuma ruwan saman da ƙasarsa ke samu a shekara yana kewayen milimita 300 ne kawai. Duk da haka, binciken da masana suka daɗe suna yi a kan tsuntsayen teku na ƙarshen duniya biyu, wato Aktik a arewa da Antaktika a kudu, yana taɓa wata tambaya da mai lambu a ƙasar Muniyo, wato yankin Gure, ya gada tun kaka da kakanni, ita ce daga ina albarkar ƙasa take fitowa a wurin da rairayi ko fako ya kewaye ta ko'ina, kuma me ke samun wurin idan abin da ke kawo albarkar ya daina zuwa.

Ƙasar da ke kewaye da tekun Aktik matalauciya ce wajen abincin tsiro. Sanyi yana hana ganye da saiwa ruɓewa da sauri, ƙarƙashin ƙasa kuma a daskare yake shekara da shekaru, ta yadda ɗan saman da ke narkewa a watanni biyu ko uku na ɗumi ne kaɗai tsiro ke samun kafa saiwa a ciki. Irin wannan fili marar itatuwa shi masana ke kira tundura. Sinadaran da suka fi ƙaranci a cikinsa su ne naitirojin da fosfaras, waɗanda haruffan N da P na jikin buhun takin zamani ke nufi, kuma su ne ƙasar jigawa ta Nijar ta fi rashi, musamman fosfaras. Teku kuwa akasin haka yake, domin da zarar ƙanƙara ta tsage, rana kuma ta daina faɗuwa, sai ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani su yawaita, ƙananan halittu dangin jatanlande su ci su, kifi da tsuntsu kuma su ci waɗannan. Tsuntsun teku a ruwa yake kiwo, amma dole ya hau tudu ya yi ƙwai ya reni ƴaƴansa, kuma a nan yake zubar da kashinsa, da gashinsa, da ɓawon ƙwai, da gawar waɗanda ba su rayu ba. Manomin da ke roƙon makiyayi ya sauke garke a gonarsa bayan girbi ya san wannan lissafi sarai: shanu su wuni suna kiwo a daji mai faɗi, su kwana a ƙaramin fili, abin da suka tsinto daga nesa ya taru wuri guda.

Tsuntsun da ya fi nuna wannan aiki a fili shi ne wani ƙarami mai baƙin baya da farin ciki, wanda bai kai tattabara girma ba, mai nauyin giram 150 da ɗoriya, da ake kira Alle alle a harshen kimiyya. Yana yin ƙwai ɗaya tak a shekara a cikin ramukan da ke tsakanin duwatsun gangaren tsauni, yana nutsewa cikin ruwa ya kamo ƙananan halittun da ake kira kofifod, waɗanda ba su wuce ƙwayar shinkafa ba, ya cika wata ƴar jaka da ke ƙarƙashin maƙogwaronsa ya kai wa ɗansa. A Hornsund da ke tsibiran Svalbard, inda ƙasar Folan take da tashar bincike tun 1957, ana iya gane mazaunin waɗannan tsuntsaye tun daga cikin jirgin ruwa, saboda gangaren da ke ƙarƙashinsu kore ne shar da ciyawa da gansakuka, alhali tsaunin da ke kusa, wanda tsuntsu ba ya sauka, launin toka ne. A kan wannan kore ne barewar ƙasashen sanyi da dinyoyin daji ke kiwo, dilan ƙanƙara kuma yana biye da su. A arewa maso yammacin Girinlan, inda miliyoyin wannan tsuntsu ke taruwa kusa da wani sashen teku da ba ya daskarewa gaba ɗaya, masana sun haƙa ƙasar da ta taru a gindin duwatsu suka gano cewa tsuntsun ya fara zama a wurin fiye da shekara 4,000 da suka wuce, wato kusan lokacin da mutanen farko suka isa yankin. Abin damuwar masu binciken a yau shi ne ruwan Atlantika mai ɗumi yana ƙara kutsawa arewa ɗauke da wani irin kofifod ƙarami marar kitse sosai, saboda haka iyaye sukan ƙara tafiya da nutso kafin su tara abin da zai ƙosar da ɗa.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan aiki na tsuntsun teku ta fito ne daga wata ɓarna da ɗan adam ya yi ba da niyya ba. Tun ƙarni na 18 masu fataucin fatu suka riƙa sakin diloli a tsibiran Aleutian na Alaska domin su hayayyafa a fiɗe su, dilolin kuma suka cinye ƙwai da ƴaƴan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Wani bincike da Donald Croll da abokan aikinsa suka buga a 2005 ya kwatanta tsibirai 18, rabinsu da dila rabinsu babu, ya samu cewa kashin tsuntsun da ke sauka a kowace murabba'in mita a shekara ya faɗo daga kimanin giram 360 zuwa ƙasa da giram 6, kuma tsibiran da dā doguwar ciyawa ta rufe sun koma tundura mai gajerun tsirrai. Ruwan sama bai canza ba, sanyi bai canza ba, mai kawo taki kawai aka kawar, fuskar ƙasar baki ɗaya ta sauya.

Wani ƙiyasi da aka buga a 2018 ya nuna cewa tsuntsayen teku na duniya suna zubar da kimanin tan 591,000 na naitirojin da tan 99,000 na fosfaras a mazaunansu kowace shekara, mafi yawa a Antaktika da tsibiran da ke kewaye da ita. Yawan kashin ya kai har ana hango shi daga sararin samaniya. A 2009 masana na hukumar binciken Antaktika ta Birtaniya suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan adam suka gano mazaunai 38 na babban fengwin, tsuntsun nan marar tashi da ke renon ƙwansa a kan ƙafafunsa, ta hanyar bin jan tabon da kashinsa ke bari a kan farar ƙanƙara, kuma goma daga cikinsu ba a taɓa saninsu ba. Da irin wannan hoto ne kuma aka tabbatar cewa a 2022, lokacin da ƙanƙarar tekun Bellingshausen ta farfashe kafin lokacinta, mazaunai huɗu cikin biyar na yankin sun rasa ƴaƴansu gaba ɗaya, domin gashin da ke tare ruwa bai riga ya fito musu ba.

A ƙasar Gure, abin da ke matsayin waɗannan gangare masu kore shi ne kwari, wato faffaɗan rami tsakanin tuddan rairayi inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso sama. Tsarinsa zobe-zobe ne: goriba a bakin waje, dabino a ciki, sai lambunan rogo, rake, albasa da kabeji, a tsakiya kuma sau da yawa farin fili na kanwa ko ɗan tabki. Akwai dubbansu tsakanin Gure da Maine-Soroa, kuma masana na jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tare da takwarorinsu na Beljiyam sun yi musu taswira da hotunan tauraron ɗan adam, suna bin yadda rairayi ke cinye gefensu tun bayan farin shekarun 1970 da 1980; shingen kalimbo da na kaba da ake kafawa a kan tuddai, wanda shirin kare kwarurruka daga rairayi mai suna PLECO ya yaɗa, amsa ce ga wannan cin. Albarkar kwari ma daga waje ake kawo mafi yawanta. Dabbobin da ke saukowa shan ruwa da lasar kanwa suna barin kashi, ruwan damina yana wanko ƙasa daga gangare, hazon hunturu kuma yana sauke ƙurar da iska ta kwaso daga Bodele a ƙasar Cadi, busasshen gindin tsohon babban tabki. Gaskiya ita ce rabon tsuntsu a wannan tari kaɗan ne idan aka gwada da na shanu da raƙuma, ko da yake duk wanda ya tsaya ƙarƙashin bishiyar da balbelu ke kwana ya ga yadda ƙasa ta yi fari, wani lokaci har bishiyar kanta ta bushe don taki ya yi mata yawa. Amfanin tsuntsu a nan ya fi bayyana ta wata fuskar, domin masana daga Denmak da suka bi shamuwa a kudu maso gabashin Nijar a shekarun 2000 sun nuna cewa fara ce babban abincinta a damina, kuma na'urorin da suka ɗaura wa wasu sun nuna ta tana yin rani a gabashin Afirka, har Tanzaniya.

Akwai kuma igiyar da ta ɗaure yankunan biyu kai tsaye. Daga ƙarshen damina zuwa farkon bazara, ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ake gani suna tsattsagar laka a bakin tabkunan Damagaram da Manga, da yawansu a tundura aka ƙyanƙyashe su. Cikinsu akwai Calidris pugnax, wanda ke hayayyafa daga arewacin Turai har gabashin Siberiya, namijinsa yana fitar da wani tulin gashi a wuya lokacin neman mace amma yana zuwa Sahel da tufa marar ado, kuma garkunansa suna cika dausayin Haɗeja da Nguru, wanda bai kai kilomita 150 kudu da Gure ba, da bakin tabkin Cadi. Akwai ɗan uwansa Calidris minuta, wanda bai fi giram 30 ba. A busasshen fili kuma akwai Oenanthe oenanthe, ɗan tsuntsu mai farin gindin wutsiya da ke tsayawa a kan dutse ko kututture, wanda wani bincike na 2012 ya nuna cewa na Alaska cikinsu suna yin kusan kilomita 14,500 kafin su isa Afirka, na tsibirin Baffin a Kanada kuma suna ƙetare Atlantika su sauka a yammacin nahiyar. Shahararren matafiyin nan Sterna paradisaea, wanda aka auna masa matsakaicin kilomita 70,900 a shekara tsakanin Girinlan da Antaktika, kan teku yake bi, sau da yawa ta gaɓar yammacin Afirka, ba ya shigowa cikin ƙasa.

Abin da ya sami ɗaya gefen yakan bayyana a ɗayan. A 2016 Jan van Gils da abokan aikinsa suka nuna cewa a Taimir da ke arewacin Siberiya dusar ƙanƙara tana narkewa da wuri fiye da dā da kusan rabin yini a kowace shekara, saboda haka ƙwarin da ƴaƴan tsuntsun Calidris canutus ke ci sukan yi yawa su wuce kafin a ƙyanƙyashe su, sai su tashi ƙanana da gajeren baki. Illar ba ta fitowa sai sun sauka a Banc d'Arguin na Muritaniya, inda gajeren baki ba ya kaiwa ga dodon koɗin da ke binne cikin laka, tsuntsun ya koma cin saiwar ciyawar ruwa, da yawa kuma su mutu kafin shekara ta zagayo. Ta ɗaya ɓangaren, lokacin da damina ta gaza a Sahel a 1968, masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya sun wayi gari a 1969 kusan kashi uku cikin huɗu na wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke yin hunturu a nan bai koma ba, tun duniya ba ta farga da yunwar da ke tafe ba.

Dalilin da ya sa aka iya gane waɗannan abubuwa shi ne an yi ta ƙidaya a wuri ɗaya, da hanya ɗaya, shekaru masu yawa a jere, kuma a nan ne rauninmu yake a wannan yanki. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ake yi kowane watan Janairu, ta fara a 1967, aka faɗaɗa ta zuwa Afirka kudu da Sahara a 1991, kuma a shekarun 1990 Wim Mullié da Joost Brouwer tare da ma'aikatan gandun daji na Nijar sun zagaya ƙananan tabkunan ƙasar, suka nuna cewa waɗannan ruwaye da ake rainawa, idan aka haɗa su, suna ɗauke da tsuntsaye masu ɗimbin yawa, kuma masunta, makiyaya, masu lambu da tsuntsaye duk a kansu suka dogara. Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare wuraren dausayi a 1987, an sa tabkin Lassuri cikin jerin a 2005, na Gidimuni da ke kan hanyar Damagaram zuwa Gure kuma a 2019. Sai dai shiga jeri ba ya tsayar da rairayi, kuma ƙidayar da ta rataya a kan kuɗin shiri mai wa'adin shekara uku ko huɗu takan yanke da zarar shirin ya naɗe tabarmarsa. Aikin kansa ba mai tsada ba ne: tabarau mai hangen nesa, littafin gane tsuntsaye, da mutum biyu ko uku da za su tsaya a bakin tabki ɗaya a mako ɗaya na Janairu kowace shekara, su rubuta yawan tsuntsaye, zurfin ruwa, da inda gaban tudun rairayi ya kai. Jami'ar Damagaram tana da ɗaliban ilimin ƙasa da na halittu da za su iya riƙe wannan rajista tare da ma'aikatan gandun daji na Gure, kuma masu lambun kwari, waɗanda suka san makon da shamuwa ke sauka da shekarar da rijiya ta fara zurfi, su ne za su iya cike mata tarihin shekarun da suka gabaci hoton tauraron ɗan adam.