Yadda ake farfaɗo da tsohon babur na dogon zango a gida

A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutanen da kan sayi tsofaffin manyan babura waɗanda suka yi shekara goma ko ashirin a jingine cikin gareji, su kai su gida, su yi ta gyara da hannunsu har sai sun sake hawa titi.

Ɗaya daga cikin baburan da suka fi samun irin wannan hidima shi ne Gold Wing na kamfanin Honda, wanda ya cika shekara 50 da shiga kasuwa a 2025.

An fara nuna shi ne a bikin baje kolin babura na birnin Kolon da ke Jamus a watan Oktoban 1974, aka soma sayar da shi a 1975 da sunan GL1000. Injinsa mai silinda huɗu ne, girmansa cc 999, wato kusan ninki goma na Bajaj Boxer ɗin da 'yan acaɓa ke hawa a Najeriya. Ruwa ne ke sanyaya shi kamar injin mota, kuma farfela ce ke juya tayarsa ta baya maimakon sarƙa. Nauyinsa ya haura kilo 260 tun kafin a zuba masa mai.

Daga 1980 zuwa 2009 a garin Marysville na jihar Ohio aka riƙa haɗa shi, kuma a Amurka ya fi samun kasuwa. Shi ya sa tsofaffinsa suka yi yawa a can, farashinsu kuma bai taka kara ya karya ba.

Zama ya fi tafiya illa

Irin wannan inji kan yi tafiyar kilomita dubu ɗari ko fiye ba tare da an buɗe cikinsa ba. Abin da ya fi lalata shi shi ne zama wuri guda: roba ta bushe ta tsage, fetur ya daskare ya koma kamar ƙaro, tanki ya yi tsatsa, wani lokaci ma ɓeraye su yi sheƙa a akwatin matatar iska su gwaguye wayoyi.

Don haka masu ƙwarewa a wannan aiki kan gargaɗi sabon shiga da kada ya yi gaggawar sa batir ya tayar da injin don ya ji ƙararsa. Dalilin kuwa shi ne wasu bel guda biyu na roba masu haƙora da ke gaban injin, waɗanda ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul da hawa da saukar fistin. Idan ɗaya ya tsinke injin na aiki, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi, gyaran 'yan daloli ya koma na ɗaruruwa.

Bel ɗin da ya shekara ashirin yana iya zama kamar sabo a ido, alhali zaren cikinsa ya ruɓe. Har yanzu ana samun sababbi, kamfanin Gates ma yana yin waɗanda suka dace, saboda haka babu hujjar yin caca da tsoho.

Bayan an sauya su, akan cire fulogi a ɗiga baƙin mai kaɗan a kowace silinda, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da hannu a hankali. In ya juya ba tare da ya cije ba, sai a auna ƙarfin matsin kowace silinda. Wannan awo ne ke nuna ko babur ɗin ya cancanci a ci gaba da kashe masa kuɗi, ko kuwa gara a sayar da sassansa.

Tanki da kafireta

Mafi yawan lokaci da haƙurin mai gyara a nan suke ƙarewa.

Abin da ake gani a gaban mahayi kamar tankin mai, a GL1000 akwati ne kawai na kayan lantarki da matatar iska. Tankin gaskiya, mai cin kimanin lita 19, yana ƙarƙashin sirdi, kuma fitar da shi sai an kwance tayar baya da wasu sassan. Wasu kan wanke tsatsarsa da ruwan khal, wasu kuma da ruwan soda da wutar cajar batir. Duk wanda ya tsallake wannan mataki zai wanke kafireta sau biyu, domin tsatsar za ta sake biyo mai ta toshe ta.

Kafiretocin guda huɗu ne, ƙirar Keihin, masu 'yan ƙofofi da wasunsu ba su fi kaurin allura ba. Ba a zura musu waya, domin tana faɗaɗa ƙofar ta ɓata ma'aunin mai har abada. Sai dai a jiƙa su a ruwan wanki na musamman, a hura da iska mai ƙarfi, a sauya duk wata roba. Daga nan kuma a daidaita su da ma'aunin zuƙar iska don kowace silinda ta ja daidai da 'yar uwarta.

Fetur na zamani ya ƙara dagula lamarin. Mafi yawan wanda ake sayarwa a Amurka na ɗauke da kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol, Birtaniya ma ta koma kansa a watan Satumban 2021. Etanol na jan danshi daga iska, kuma yana cin tsofaffin tiyo da ba don shi aka yi su ba.

Ta fuskar lantarki kuwa, abin da masu Gold Wing na 1975 zuwa 1987 suka fi tsoro shi ne kwayil ɗin da ke cajin batir. Shi kansa ba shi da tsada sosai, amma yana maƙale ne a bayan injin, sauya shi sai an sauke injin ɗungurungum daga jikin babur. Sau da yawa matsalar kan faro ne daga mahaɗar wasu wayoyi uku masu ruwan ɗorawa, wadda kan yi zafi ta narke, shi ya sa masu gyara da dama kan yanke ta su haɗe wayoyin da dalma.

Birki da taya

Injin da ya ƙi tashi asarar kuɗi kawai zai jawo. Birkin da ya ƙi kamawa a babur mai wannan nauyi, ɗauke da mutum biyu da kaya, maganar rai ce.

Man birki na shan ruwa daga iska sannu a hankali, abin da ke sa tsatsa a ciki, ya kuma sa man ya tafasa idan birki ya yi zafi a doguwar gangara. Shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. A babur da ya daɗe a ajiye, sai an kwance birkin uku duka, an sauya robobinsu da tiyonsu.

Taya ma tana yaudara, domin zanenta na iya zama cikakke alhali robar ta ƙandare. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2309 na nufin mako na 23 na 2009. In lambobin uku ne, to an yi ta kafin shekarar 2000. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a sauya duk tayar da ta kai shekara 10, komai kyanta.

Fenti da goge ƙarfe, waɗanda su ne sabon shiga ya fi ɗoki a kansu, su ne na ƙarshe.

Ko akwai riba?

In don riba ne, da wuya. Honda ta daina yin sassa da dama, salansa ta asali mai kyau kuwa ta yi ƙaranci. Ba abin mamaki ba ne kuɗin gyara ya zarce abin da babur ɗin zai yi a kasuwa, ko da ba a lissafa watannin da mai shi ya ɓata ba. A Amurka kuma, wanda ya sayi babur marar takardar mallaka yana iya gama gyara ya kasa yi masa rajista.

Masu wannan sha'awa sun rabu biyu. Wasu na son a mayar da babur daidai yadda ya fito daga masana'anta, wasu kuma kan yi masa kwaskwarima yadda ransu ke so.

Doka a wasu ƙasashe ta fi karkata ga na farko. A Jamus, tun 1997 abin hawan da ya shekara 30 na iya samun lamba mai harafin H da tsayayyen haraji, muddin yana nan kusan yadda aka ƙera shi. A Birtaniya kuma, tun watan Mayun 2018 an ɗauke wa wanda ya shekara 40 gwajin lafiya na shekara-shekara, in dai ba a yi masa gagarumin sauyi ba cikin shekaru 30 da suka gabata.