Kwafar Sharhin Waya Daga Wani Shafi: Ina Matsalar Take?

Da zarar sabuwar waya ta fito, sai a ga sharhin manyan shafuka irin su GSMArena ya bazu a wasu wurare, kalma da kalma. Matsaloli biyu ne a nan, kodayake ana yawan cakuɗa su.

Ta farko ta Google ce. Idan rubutu ɗaya ya bayyana a shafuka da yawa, Google yakan zaɓi guda ya nuna, sauran su nutse. Wannan ba hukunci ba ne. Amma shafin da ba shi da aiki sai kwafe-kwafe ya saɓa ƙa'idojin Google, kuma da wuya AdSense ya karɓe shi.

Ta biyun ta fi zafi, wato haƙƙin mallaka. Girman batir, yawan RAM da farashi bayanai ne kawai, kowa na iya faɗarsu. Jimlolin mai sharhi da hotunan da ya ɗauka kuwa nasa ne. Mayar da su Hausa ba ya wanke mutum, domin fassara ma sai da izininsa, haka nan rubuta sunan shafin a ƙasa ba izini ba ne. A ƙarƙashin DMCA, dokar Amurka ta 1998, mai rubutu zai iya sa Google ya cire shafin daga sakamakon bincike. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ta tanadi hanyar sauke irin wannan rubutu.

Idan har sai an ɗauko, jimla ɗaya ko biyu ta isa, a faɗi mai ita, a sa mahaɗa zuwa shafinsa. Sauran ya fito daga gwajin mutum: awa nawa batirin ya yi da data a kunne, kuma wayar na ɗaukar zafi wajen caji ko a'a.