Ramukan da suka jera kansu

Tun 1923 aka san cewa alminiyam, ƙarfen tukwanen da ake sayarwa a kasuwar Hadejia, idan aka tsoma shi cikin asid aka ba shi wutar lantarki yakan yi ɓawo mai tauri. Da wannan dabara masu bincike biyu, Bengough da Stuart, suka kare jiragen saman Ingila masu sauka kan ruwa daga cin gishiri.

A 1953 masu bincike uku na kamfanin Alcoa a Amurka, Keller da Hunter da Robinson, suka duba ɓawon da na'urar ƙara girma, suka zana shi: ramuka birjik, kowanne cikin ɗaki mai kusurwa shida, kamar saƙar zuma. Zanen ya fi gaskiyar kyau, don ramukan na zahiri a hargitse suke. Haka aka zauna shekara 42.

Sai a 1995 Hideki Masuda da Kenji Fukuda na wata jami'a a Tokyo suka ɗauki tataccen alminiyam, suka sa shi cikin asid ɗin oksalik mai tsananin sanyi, suka tsayar da wuta a kan bolt 40, suka bar shi kwana da kwanaki. Da suka duba gindin ɓawon, ga ramuka sahu-sahu, tazarar kowane biyu kusan nanomita 100. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Faɗin silin gashi ɗaya zai ɗauki ɗaruruwan waɗannan ramuka. Babu hannun da ya jera su, kuma nan ne abin yake ratsa ni. Ɓawon ya fi ƙarfen da ya fito daga cikinsa cin wuri, don haka ramukan suna ta ture juna yayin da suke nitsewa, har kowanne ya sami gurbinsa.

Suka cika ramukan da roba, suka narkar da ɓawon, sannan suka zuba zinariya a kan robar. Zinariyar ta fito da ramuka iri ɗaya sak, har launinta ya sauya. Mujallar Science ta buga aikin.

A 1996 Masuda da wani abokin aikinsa, Satoh, suka ƙara wata hikima: a cire ɓawon farko gaba ɗaya, a maimaita aikin. Sabbin ramuka sai su bi sawun da tsofaffi suka bari, su miƙe tun daga sama har ƙasa. Da irin wannan ɓawo a matsayin mazubi ake zuba wayoyin nikel da kobalt masu kaurin nanomita goma-goma, kuma kayan yin mazubin ba su wuce asid, wuta da abin sanyaya ruwa ba.